Ajin da Aka Ce Ya Cika

Yayata Darlene ba ta karɓar magana a karon farko. Ko likita ne ya ce lafiyarta ƙalau, sai ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ita ke tuƙa bas ɗin makaranta a garinmu, don haka ta san uban wa ke da shago a babban titi, uban wa kuma ke aiki a masana'antar nama kamar marigayi mijinta.

Ɗanta Corwin saura masa shekara biyu ya gama sakandare. Tun lokacin hutu take gaya wa mutanen coci cewa bana zai shiga ajin lissafi na zaƙaƙurai, wanda in yaro ya ci jarrabawarsa a watan Mayu, jami'a za ta ɗauka ya riga ya yi kwas ɗin a wajenta. Sai ga shi a makon farko ya dawo yana cewa aji ya cika.

"Ya cika da su wa?" in ji ta.

"Da mutane mana, Mama."

"Wa ya ce maka?"

"Mista Halvorsen." Shi ne jami'in da ke tsara wa ɗalibai darussa.

Daga ranar Darlene ta kashe rediyon bas. Tana tuƙi tana kasa kunne, in yaro zai sauka ta jefa masa tambaya kamar hira. A haka ta gano cewa 'yar likitan haƙori ta shiga ajin bayan ranar da aka ce wa Corwin babu wuri.

Ta same ni a wurin aiki ko rigar sanyi ba ta cire ba. "Roz, tashi ki raka ni. Ina son shaida."

"Yaya, ƙila wani ne ya fita aka ba ta gurbinsa."

"Ƙila kuma haƙorin Halvorsen ne ke ciwo."

Halvorsen dogo ne mai sanƙo, ya tarbe mu a ofishinsa da kofi. Darlene ta ƙi taɓa nata. Ta tambaye shi kujera nawa ce a ajin, ya faɗa. Ta tambaye shi ɗalibai nawa, ya ce akwai sauran wuri.

"To me ya sa ka ce wa ɗana ya cika?"

"Ban taɓa faɗa masa haka ba, Misis Tibbets."

"Wato ɗana maƙaryaci ne."

"Ban ce ba. Gara dai ki ji daga bakinsa."

Ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali amma yadda zai ji, "Kin gani? Zai ɗora wa yaro."

Aka aika kiran Corwin. Ya shigo da wata rigar fata mai kauri, yana warin ƙonannen ƙarfe. Da ya gan mu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Anti Roz, har da ke?"

"Janyo ni aka yi," na ce.

Uwar ta nuna rigar. "Wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ajin walda yake zuwa, lokacinsa ɗaya da na lissafin. Shi da kansa ya roƙi a canja masa, shi kuma ya ƙirƙiro zancen cikar aji, domin ya san in ya faɗi gaskiya ba za a kwashe lafiya ba.

"Shi ma ana ƙirga shi a matsayin kwas, Mama. Kwalejin gunduma ce ke turo malamin. In na gama ina da kwas biyu a wajensu."

"Wace kwaleji? Wa ya san ta?" Ta juya ga Halvorsen. "Kai ka sa masa wannan a kai. Ɗan mai yankan nama, sai a miƙa masa ƙarfe."

"Sau biyu na ce masa ya sake tunani," in ji Halvorsen. "Makinsa na lissafi ya isa."

"Haka ne, Mama. Ni nake so."

Ta daɗe tana kallon yaron, har na zaci mari zai biyo baya. Sai ta ce ya koma aji kafin ƙarfensa ya huce.

Washegari ta buga wa kwalejin waya, ta yi wa mutum uku tambaya iri ɗaya don ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ya zo ɗaya. Duk da haka sai da ta sa Corwin ya yi alkawarin ɗaukar lissafin a shekararsa ta ƙarshe, ta kuma raka shi ajin ranar farko ta ga ya zauna.

Ya ci jarrabawar da ƙyar. Jami'a ɗaya ta karɓi sakamakon, ɗaya ta ce makin bai kai ba, shi kuwa ya zaɓi kwalejin gundumar, yana karatu da safe yana walda da yamma. Halvorsen ya yi ritaya bara. Darlene ta je walimar sallamarsa da kek ɗin da ta gasa, ta zauna daga baya, tana lura da iyayen da ya fi daɗewa yana gaisawa da su.