Goruba a Bayan Taguwar Wada

A Dangora, shekarar 1991, akwai wani manomi mai suna Wada, da matarsa Tani, da 'yarsu Furera mai shekara tara. Suna da dawa a rumbu, suna da awaki. Abin da babu a gidan shi ne barci. Wada yakan kwana ido biyu. In kuma barcin ya sace shi, sai minshari, sai numfashi ya ɗauke har ya zabura yana haki.

Likitan da ya gani a Kano ya ce cuta biyu ce: rashin barci da ɗaukewar numfashi. Akwai injin da ke taimakawa, amma babu shi a nan.

"Kada ka kwanta rigingine," in ji likitan. "Kada kuma ka sha ƙwayar barci. In maƙogwaronka ya toshe, za ta hana ka farkawa."

Sai Tani ta ɗinke goruba a bayan taguwarsa, don ta tokare shi in ya juya. Furera kuwa takan girgiza ƙafarsa duk sanda minsharin ya tsaya.

Yayansa Zailani, mai ɗaki jikin nasu, ya gaji da ƙarar. Ranar da Tani ta tafi barka Yako, Zailani ya dawo daga kasuwar Tudun Wada da ƙwayar barci a takarda. Ya tarar da Wada a gindin mangwaro bayan azahar, idanu jajur, kwana uku bai runtsa ba.

"Ƙato da kai, mace ta ɗaura maka goruba! Gari kaf dariya ake mana."

"Yaya, likita ne ya ce..."

"Likitan ne ke kwana a bayan bangonka? Haɗiye biyu."

Wada ya haɗiye. Zailani ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya jefa wa Furera gorubar. "Ungo, je ki gaigaya."

Wada ya miƙe rigingine a tabarma. Minshari ya tashi, can ya tsaya. Furera ta nufe shi, Zailani ya fizgo ta.

"Baffa, ya yi shiru!"

"Shirun muke nema. Kika taɓa shi sai na zane ki."

Ta zauna da gorubar a hannu tana kallon ƙafar babanta. Da aka kira la'asar, Zailani ya je tashinsa. Bai tashi ba.

A zaman makoki Zailani ya riƙa ce wa masu gaisuwa, "Cikin barci ya tafi, salin-alin. Ko shurawa bai yi ba."

Furera ta gane cewa minsharin da baffanta ya tsana shi ne numfashin babanta.