Kwabon Wuyan Hajja Maiturare

"Yanke zaren, ki daina kallona," in ji Hajja Maiturare.

Ƙaltume ta sa almakashi ta yanke. Shekara shida ke nan suna katanga ɗaya a unguwar Harra ta Gabas a Madina, tun da ta zo daga Damagaram aikin shara a filin jirgi, amma ba ta taɓa ganin abin da ke rataye a zaren nan ba. Ta zaro shi daga cikin rigar tsohuwar. Wani ɗan kwabon jan ƙarfe ne, baƙi ƙirin, ya suɗe kamar ragowar sabulu, an huda gefensa.

"Kuɗin garinmu ne," in ji Hajja, numfashinta na sarƙewa. "Kakana ya taho da shi a ƙafa, ta Sudan. Babana ya ce sunan garin na jiki. Ki kai a karanto mini, 'yata. Likita ya ce kwana nake ƙirgawa."

"Inna, duk shekarun nan ba wanda ya karanta?"

"Lokacin ba mu da takardun zama a ƙasar nan. Babana ya ce kada a nuna wa kowa abin da zai ce mu baƙi ne. Da takardun suka zo kuma, na riga na saba da ɓoyewa."

A Madina aka haifi Hajja, nan ta yi aure, nan ta tsufa tana haɗa turaren wuta. Hausa tangaram a bakinta, amma da an tambaye ta asalinsu sai ta dafa ƙirji ta ce yana nan. Ɗanta Haisam yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai, ya amsa da Larabci kamar kullum, ya ce ko jikoki sun fi son su ga ta sha magani.

Ƙaltume ta ƙulle kwabon a bakin gyale ta nufi shagon Bakri, Bahaushen Sudan mai sayar da carbi da tsofaffin kuɗi. Mutum ne da ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Ya ɗiga wa kwabon man zaitun, ya shafa da babban yatsa, ya kafa gilashi a ido.

"Shufi, duba nan, Ƙaltume. Nan kan mutum ne, hanci kawai ya rage. Ta baya kuma wata ƙaya ce mai fure, da hular sarauta a kanta."

"Ƙaya? To ai ƙasarmu ce. Ƙaya ba irin wadda ba mu da ita."

"Sarkinku na sa kansa a kuɗi?"

Ya ɗauki hoto ya tura wa abokan sana'arsa ta waya, ya zuba mata shayi. Kafin ta kai rabin kofi amsa ta zo, Bakri ya karanta ya sake karantawa.

"Kuɗin Sikotilan ne."

"Ta wajen Gobir take?"

"Ƙasar Turawa ce, arewa da Ingila. Ga haruffan sunan sarkinsu nan, Calis na biyu. Shekarar kuma dubu ɗaya da ɗari shida da saba'in da wani abu. Bakwai, ko takwas, ko tara. Wanda ya huda shi a kan lambar ƙarshe ya huda."

"Duba dai da kyau, Malam. Ba Katsina? Ba Kano?"

"Ko harafi ɗaya na Hausa babu."

"To yaya aka yi ya shiga hannun kakanta?"

"Wataƙila wani Bature ya ba shi a hanya. Wataƙila tsinta ya yi. Allahu a'alam."

A mota kan Ƙaltume ya ɗaure tamau. Ta ji haushin Bakri, ta ji haushin kakan da ya taka sahara da kuɗin wasu, ta ji haushin kanta da ta karɓi aiken. Ta ce a ranta Damagaram za ta faɗa, wa zai musa? Sai ta tuna matar gobe ko jibi za ta koma ga Allah, kuma a garin Manzo za ta shirga mata ƙarya. Har ta sauka ba ta tsai da magana ɗaya ba.

Ta tarar an jingina Hajja da matashi, idonta a kan ƙofa.

"Wane gari?"

Ƙaltume ta buɗe baki da niyyar Damagaram, sai ta ji kanta tana cewa, "Inna, na Turawa ne. Wai Sikotilan."

"A can ma ana jin Hausa?"

"A'a, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fankar sama. Can ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Shekara saba'in ina goyon ɗan wasu," ta ce. Ta juyo. "To mu 'yan ina ne, Ƙaltume?"

Ƙaltume ta riƙe hannun tsohuwar. Ta miƙa mata kwabon, Hajja ta girgiza kai, ta nuna Haisam. Ya karɓa yana jujjuya shi, bai san inda zai sa shi ba.

Washegari bayan la'asar Hajja ta cika.

Ƙaltume na cikin matan da suka shiga ɗakin wankan gawa na masallacin unguwa. Da mai wankan ta kai ƙasan wuya sai ta dakata. A tsakiyar ƙirjin akwai wani ɗan tabo kore, zagayayye, daidai faɗin kwabon. Ta cuɗa da ruwan magarya, ta sake, ta sake na uku.

"Bar shi," in ji Ƙaltume.

Ta jawo farin likkafani a hankali ta rufe wurin.