Kanada ta Kwana Uku a Maamobi

Iliasu tela mutum ne mai son gwaji. Ko takalmi ba ya saya sai ya zaga rabin kasuwar Nima da shi a ƙafa. Don haka da ƙanensa Mubashir ya samo masa aikin ɗinki a Toronto ta ƙasar Kanada, ya ce yana jiran amsa ran Juma'a, sai Iliasu ya ce ƙasar ma sai ya gwada ta tukuna.

Mubashir bai ɓoye masa komai ba a waya. Albashin wata ɗaya ya fi ɗinkin Babbar Sallah, ba a ɗauke wuta, famfo ba ya ƙafewa. Amma haya tana cinye rabi, mai rainon yara ma biyanta ake yi, kuma kowa ƙofarsa a rufe.

"To, mu yi Kanada ta kwana uku a nan," in ji Iliasu ga matarsa Sahadatu. "Ba aron gishiri, ba kai yara ɗakin kowa. Rufe ƙofa."

Sahadatu ta dube shi sama da ƙasa, ta rufe.

Abin da gogan ya manta shi ne, gidansu na unguwar Maamobi ɗaki goma sha huɗu ne a tsakar gida ɗaya, kuma da rana labule kawai ake saki. Ba a rufe ƙofa sai da dalili.

Kafin azahar Hajiya Awabu, maƙwabciyarsu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta buga ƙofa. "Sahadatu, wa ba shi lafiya? Buɗe, na kawo koko!" Aka ce mata lafiya lau. Ba ta yarda ba, ta dawo da farfesu. Washegari matan gidan suka yanke cewa ciki ne, suka kwashe wankin Sahadatu suka wanke, wata ta kai yaran makaranta. A rana ta uku, bayan an sauko daga Juma'a, maza suka ce a'a, faɗa ne, suka taho da liman ya yi sulhu.

Ɗaki ya cika, kwanukan abinci har kan keken ɗinki. Liman yana ba Iliasu haƙuri a kan laifin da ba wanda ya yi, Sahadatu tana dariya har da hawaye, sai ga kiran bidiyo daga Mubashir.

"Ei, Yaya! Suna ake yi ba a gaya mini ba?"

Iliasu ya ba shi labari, kunya kamar ya nutse. Mubashir ya yi dariya sosai, sannan ya ce:

"Yaya, bara na yi zazzaɓi kwana tara, ƙofata a rufe. Mai gidan haya ne kaɗai ya buga."

Tausayin ƙanensa ya kama Iliasu. Can ya ce, "Ba da aikin ga wani, ba ni zuwa. Kai dai ka zo mana Sallah."

Hajiya Awabu ta fizge wayar daga hannunsa.

"Kwana tara? Ba wanda ya dama maka ko koko? Ba ni lambar maƙwabcinka yanzun nan!"