Baba na Kwali

Ranar Alhamis muka binne Baba, mu goma cif, yadda dokar annoba ta ce. Ƙanensa, Baffa Delbert, bai zo ba, wai likita ya hana shi shiga taro.

Ranar Asabar jami'ar garinmu ta buga ƙwallo. Aka manna hoton Baba a kwali, aka kafa a kujerar da ya shekara talatin yana zama a filin wasan. Sai ga Baffa a talabijin cikin mutum dubu ashirin, takunkumi a haɓa, ya rungume kwalin yana ihu.

Na kira shi. "Baffa, likitan ya sallame ka ke nan?"

"Haba Lurleen, zumunci fa! In bar ɗan'uwana shi kaɗai?"

Na ce, "To, na kwalin ya gode. Na cikin ƙasa dai har yanzu yana jiranka."