Inda Thyra Take Tsayawa

Tun da aka yi mata aikin ƙugu a farkon kaka, Thyra ba ta sake taka ɗakin atisayen rawa ba sai safiyar nan. Ta hau matakalar tsohon ma'ajin kifi da ke bakin tashar jiragen ruwan Aarhus tana dogara sanda, tana hutawa, tana sake bitar maganar da ta zo da ita. A ƙasa ta wuce keken abokin aikinta Esben jingine da bango, ruwan sama na ɗiga daga sirdinsa.

Sama da shekara ashirin ke nan su biyun suna ƙirƙirar rawa tare, kuma duk mai harkar ya san yadda suke yi. Su ja labule su rufe madubi, su tsaya a tsakar ɗaki baya da baya, ba kiɗa, ba magana. Wannan ya jingina, wancan ya karɓa. Ɗaya ya zame, ɗayan ya bi shi. Abin da bayansu ya amince da shi, shi suke koya wa 'yan rawa daga baya, kuma da shi suka cika gidajen wasa daga Lyon har Helsinki. 'Yan jarida sun sha ɗaura musu aure a shafukansu, alhali kowa da gidansa: ita da mijinta mai gyaran abin kiɗan nan fiyano, shi da karnukansa masu cin takalmi.

Yanzu likita ya ce ta manta da ɗaukar nauyin mutum a bayanta har abada. Gidan wasa kuwa yana jiran sabon aikinsu a bazara, ga shi ko taku ɗaya ba su da shi. Shi ya sa ta zo ta ce masa ya cire sunanta, ya nemi wata, kada ya nitse tare da ita.

"A'a, ga gurguwa ta iso!" in ji Esben daga bakin taga, bakinsa cike da baƙin burodi da cuku. "Na zaci sai na aiko motar ɗaukar kaya."

"Gurguwar ta fi ka ko da ƙafa ɗaya, tsoho. Ina kofina?"

Ya zuba mata gahawa a kofin nan mai karyayyen hannu. Ta lura ya rame, gashin gefen kunnensa ya ƙara fari.

"Yaya yarinyar da aka turo maka daga Malmö ta riƙe min wuri?"

"Gwana ce. Sai dai bayanta kamar katakon guga. Na jingina, na ƙwanƙwasa, ba kowa a gida."

"Ta Oslo fa?"

"Ita kuma kafin in jingina ta riga ta karɓe ni. Ladabi ya yi mata yawa."

"Kai dai ka cika tsirfa." Ta ajiye kofin. "Esben, magana na zo mu yi."

"Ba a magana kafin aiki. Ke kika kafa dokar, malama, ba ni ba." Ya jawo kujera ya ajiye mata a jikin bango. "Zauna ki ga abin da nake yi tun da kika tafi. In kin gama dariya sai ki faɗi abin da ya kawo ki."

Ya tuɓe safa, ya taka zuwa tsakar ɗakin, daidai inda katakon daɓen ya yi duhu saboda tsayuwarsu, ya rufe ido.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Thyra: ba ta taɓa ganin fuskar mutumin nan yana ƙirƙira ba. Ta gan shi a dandali, ta gan shi a hotuna, amma wannan duk bayan an gama ne, an goge, an sa fitila. A ɗakin nan bayansa kawai ta sani, zafinsa da gumin rigarsa da ƙashin nan da ke tokare ta ƙarƙashin kafaɗa. Ashe haka fuskarsa take. Baki a ɗan buɗe, gira a ɗage, kamar yaron da ya kara kunne a ƙofa yana jiran a kira sunansa.

Ya jingina baya, ba kowa sai iska.

Tsigar jikinta ta tashi. Ya sunkuyar da wuya gefe, ya bar wani ɗan gurbi tsakanin kunnensa da kafaɗa, ta gane nan ne kanta yake kwanciya. Ya buɗe hannun hagu ya tsaya, yana jiran nata ya zagayo. Ya juya a hankali, ita kuma ta ga wata mace gajera, mai taurin kai, mai son fizgar hagu, tana juyawa tare da shi. Babu kowa a wurin, amma har faɗin kafaɗarta ana gani, har inda take jinkiri da gangan don ta ba shi haushi. Rawar da ta yi rabin rayuwarta tana yi ba ta taɓa kallo ba, ga ta nan a gabanta, an zana ta da jikin wani.

Sannan idonta ya sauka kan gwiwoyinsa. A lanƙwashe suke, kaɗan, tun daga farko har yanzu. Ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ita kuwa duk shekarun nan ta ɗauka kafaɗunsu daidai suke haɗuwa don haka Allah ya yi su. Ta sa hannu ta toshe bakinta. Hawaye suka gangaro ta tsakanin yatsunta, ba ta share ba don kada ta rasa ko ƙiftawa ɗaya.

Esben ya ƙara jingina, ya kai inda a da take ɗaukar nauyinsa duka. Ya yi tangal-tangal, ya zube ƙasa tim.

"To kin gani," ya ce yana kwance, yana kallon rufi. "Sabon aikinmu ke nan. Dattijo yana faɗuwa. Wa zai sayi tikiti?"

Thyra ta sauke hannu daga bakinta. A waje wani jirgin ruwa ya yi ƙara mai tsawo.

"Sake," ta ce.

"Me?"

"Tashi ka sake. Ka yi saurin tsorata. A nan wurin nakan riƙe ka har sai numfashinka ya ƙare, kai ma ka sani. Kai ka janye tun ban sake ka ba."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Thyra, ai ba kya wurin."

"Ina wurin mana. Yanzu na gan ni. Kada ka kuskura ka sa kowa a nan, ka ji ko? Ko ta Malmö, ko ta Oslo, ko uwarsu. Haka za a kalli aikin."

"Ni kaɗai a dandali? Da wannan furfurar?"

"Kai da ni. Kai ka ji ni, ni in gan ka. Kuma ka daina wannan abin da kake yi da yatsa, kamar mai kiran tasi."

"Wane yatsa?"

"Na dama. Ashe shekara da shekaru abin da kake yi a bayan idona ke nan."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ita ma ta taya shi da jiƙaƙƙiyar fuska. Ya miƙe yana murza gwiwar hannu, ya koma kan duhun katakon. Kafin ya rufe ido ya ce, "Maganar da kika zo da ita fa?"

"Ta mutu a hanya. Tsaya daidai, tsoho."

Ya jingina. Ya kai wurin, ya wuce shi, ya ci gaba da tafiya baya har ta ji nata numfashin ya tsaya. Jikinsa ya rataye a iska yadda bai kamata jikin mutum ya iya ba, bayan Thyra kuwa ya ɗauki zafi a jikin kujera kamar ita ke riƙe da shi.

"Tukuna," ta ce a hankali. "Tukuna, ban sake ka ba."