Wanda Ya Sani Shi Ke Bugu

A ajin Malam Namadi, wanda ya san ma'anar kalma shi ke bugun waɗanda ba su sani ba. Haka dokar take a makarantar kuɗin nan ta bayan tashar Lolo, inda ake shirya 'yan ajin ƙarshe don jarrabawar fita sakandare. Kowace Laraba Malam zai cika allo da kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya, ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda bai san kalmar ba ya miƙe. A cikin na zaune Malam ya zaɓi ɗaya. In ya faɗi daidai a miƙa masa dorina ya bi na tsaye, uku-uku a tafin hannu. In ya sassauta wa wani, Malam ya karɓe dorinar ya zuba masa shida a gadon baya. Sauƙi ɗaya ne: in duk ajin ya miƙe, Malam yakan zage su tas, ya faɗi ma'anar da kansa ya wuce, don kafaɗarsa ba ta ɗaukar bugun mutum talatin.

Wata huɗu ke nan Zulkiflu yana tsayuwa. Daga Madekali ya zo, can ƙetaren iyaka, inda ya yi karatunsa da Faransanci. Kawunsa ya yi ta safa da marwa kafin ya samo masa gurbi cikin masu zana jarrabawar bana, kuma babu wata makaranta a kusa da za ta karɓe shi da wannan guntun Turancin nasa. Saboda wannan gurbin yake miƙa hannu kowace Laraba yana cije leɓe.

Mutum biyu ne suka fi riƙe dorinar. Na farko Lawal, wanda ya ƙware wajen saukar da ita a kan gaɓoɓin yatsu.

"Kawo hannun, ɗan Faransa," yakan ce yana murmushi. "Mi kuke ce ma zafi can wajenku?"

Ta biyu Bashira. Ita in ta iso kan Zulkiflu sai hannunta ya mutu, dorinar ta sauka kamar ana kaɗe ƙura. Sau uku Malam yana kama ta, sau uku tana shan shida a baya, ba ta ko yi kuka ba. Ran na ukun Zulkiflu ya ga ɗigon jini ya fito ta farin hijabinta, ya kasa cin abinci har washegari. Maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, amma da za a tsaga ƙirjinsa da an same ta zaune a ciki.

Wannan Larabar kalmomin duk da haruffa biyar iri ɗaya suka ƙare. Malam ya nuna ambition, aka ce buri. Ya nuna tradition, aka ce al'ada. Ya nuna condition, aka ce sharaɗi. Duk an sha su a baya, ba wanda ya tashi. Sai ya ɗora bakin dorinar a kan demolition.

Bencuna suka yi ƙara. Aka yi ta miƙewa, har Lawal ya tashi yana sosa ƙeya. Bashira, da ke layin gaba a ɓangaren mata, ta san kalmar sarai. Amma da ta ga Lawal tsaye sai ta ɗauka ita kaɗai ta rage, in ta tashi ba wanda za a buga yau. Ta miƙe ba ta waiwaya ba.

Zulkiflu yana can benci na ƙarshe jikin bango, jikkunan na tsaye sun tare masa gaba. Allon kawai yake hange ta tsakanin kafaɗu, kuma kalmar ba baƙuwarsa ba ce. Kusan haka aka rubuta ta da jan fenti a ƙofar shagon ɗinkin babansa, kwana uku kafin katafila ta zo. Ya tuna ƙarar kwano yana yagewa, da babansa da ya koma ciki don ya jawo keken ɗinki, da bangon da ya sauko masa a hannun dama. Bai tashi ba.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Yau ɗan Faransa na zaune. To, faɗa muna."

"Rushewa, Malam. Rushe gini."

Malam ya miƙo masa dorinar.

Da Lawal ya fara. Ta farko ta sauka a tsakiyar tafi da ƙarar da ta sa 'yan mata runtse ido. Ta biyu a kan yatsu, daidai inda ya koya a wurinsa. A ta ukun Zulkiflu ya ɗaga hannu har dorinar ta taɓa silin, ya sauke da duk nauyin wata huɗu. Wani abu ya yi ƙas. Lawal ya durƙusa yana rungume da hannun, farcen ɗan yatsansa ya ɗage, jini na bin gwiwar hannunsa.

"Haka nake so," in ji Malam. "Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya bi samarin ɗaya-ɗaya, har waɗanda ba su taɓa yi masa komai ba, kuma wani daɗi mai ban tsoro yana hawa masa kai. Gumi ya jiƙa rigarsa. Ya tsallaka ɓangaren mata, ya bugi ta farko, ya bugi ta biyu, Safina, tana kuka. Ya matsa gaba, wani siririn hannu mai jan lalle ya miƙo. Ya ɗaga kai.

Bashira ce.

Dorinar ta yi masa nauyi kamar taɓarya.

"Mi kake jira?" in ji Malam.

"Malam, ita ta sani."

"In ta sani mi ya tashe ta? Buga."

Bai motsa ba. Malam ya fizge dorinar ya danna shi kan tebur, ya zuba masa shida. Rigar ta tsage a ta huɗu. Ya mayar masa da dorinar a hannu.

"Ko ka buge ta yadda ka bugi Lawal, ko kafin la'asar sunanka ya fita daga jerin masu jarrabawa. Zaɓi."

"Buga, don Allah," in ji Bashira ƙasa-ƙasa. "Uku ne kawai. Na sha fiye da haka."

Ya ɗaga hannu. Ya tuna kawunsa, ya tuna babansa da ke zaune a gida da hannu shanyayye yana jiran ya zama wani abu. Ya sauke. Dorinar ta shafi tafinta kamar gashin tsuntsu.

Malam ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ashe soyayya kuke yi a ajina. To ita za ta ɗauki naka da nata, tara."

Ya ture Zulkiflu gefe, ya zabga mata ɗaya a kafaɗa. Bakin dorinar ya lanƙwaso ya tsaga mata kunci. A karon farko Bashira ta yi ƙara.

Ta biyun ba ta sauka ba. Zulkiflu ya cafe ta a iska, ya nannaɗe a hannu ya fizgo, Malam ya taho gaba, goshin Zulkiflu ya tarbi bakinsa. Malam ya faɗi kan benci, benci ya karye, haƙori ɗaya ya gangara ƙarƙashin allo. Zulkiflu ya bi shi da dorinar, a wuya, a kunne, a hannun da ya ɗaga yana karewa. Sai wani abu ya fashe wa Zulkiflu a ƙeya. Lawal ne da ƙafar benci a hannun hagu. Sauran samarin da tafukansu ke raɗaɗi suka rufe shi da duka da shuri, har sai da maigadi da malamai biyu suka jawo shi waje ta ƙafa.

Ba a kai la'asar ba aka soke sunan.

Washegari da safe kawunsa ya kai shi tasha, ya ɗaure jakarsa a bayan babur ɗin kabu-kabu mai zuwa Madekali, ya juya. Zulkiflu yana ƙoƙarin hawa da haƙarƙarinsa mai ciwo sai ya gan ta tsaye gefen mai sayar da fetur a kwalabe, an manna mata filasta a kunci.

"Na ce ka buga," ta ce.

"Ban iya ba, Bashira."

"Lawal ka iya. Yatsansa ya karye. Safina ma ka iya, ita da ba ta taɓa ɗaga maka murya ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Don kai na tashi," ta ce. "Na zaci kowa zai tashi. Wata huɗu kana tsayuwa, sai jiya ka ga damar zama?"

"Ban gan ki ba. Wallahi da na gan ki..."

"Na sani." Ta share ido da gefen hijabi. "Saura mako bakwai jarrabawa, Zulkiflu. Bakwai kacal."

"Malam, mu tahi, rana na yi," in ji mai babur.

Ya hau. Babur ya tashi ya nufi shingen iyaka. Ya waiwaya sau ɗaya, ya ga ta riga ta juya ta nufi makaranta, littattafanta rungume a ƙirji, don an kusa kaɗa ƙararrawa.