Ranar da Ba a Niƙa Yaji Ba

Wata uku Munira ta yi tana zarya jami'a kafin a ba ta aron na'urar auna ƙurar iska, shi ma na yini ɗaya rak. Rubutunta na kammala karatu a kan illar niƙa kayan yaji ne ga muhalli, kuma ba ta je da nisa neman wurin gwaji ba. A ɗakin bayan gidansu a unguwar Zongo uwarta, Hajiya Sahada, ke niƙa barkono da citta da kanumfari da masoro, 'yan sari na kwasa zuwa kasuwar Adidogomé.

Ledar da ke toshe kwata da hayaƙin injin duk ta rubuta su. Amma abin da ke cin ranta tarin uwar ne, wanda yanzu sai ta dafa bango kafin ya sake ta. An yi an yi da ita ta fitar da injin fili, ta ce wai sanyin teku ne kawai. Munira ta sa rai idan uwar ta ga shaida da idonta za ta yarda.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa mata ranar da na'urar za ta zo.

Ta sauka daga zemijan, babur ɗin haya, da hantsi, rungume da akwatin, ta ji gidan tsit. An wanke ɗakin niƙa tas, an lulluɓe injin da sabon zane, har da turaren wuta a bakin ƙofa. Ita Hajiya baƙo baƙo ne, ko da na ƙarfe ne.

"Inna, yau fa na ce a yi niƙa."

"Abin lakwal, kayan makarantarku, zai shigo gidana ya tarar da ƙazanta? A je a rubuta sunana?"

Barkonon ma ta aika da shi gidan maƙwabta. Munira ta ajiye akwatin. Ta fitar da kaskon turaren, ta kunna na'urar a ɗakin, don dai kada a ce ta mayar da ita ba ta taɓa ba. Ta zauna a dakali tana kallon kaji.

Bayan la'asar ta zaro 'yar farar takardar da ke tace iskar. Ta yi jaja-jaja. Ta miƙa wa uwar.

Hajiya ta kai ta hanci, kamar yadda take gwada kayan sari. "Barkonon makon jiya ne, da citta kaɗan."

"Inna, injin a kashe yake fa, an kuma wanke ɗakin. Wannan na yini ɗaya ne. Ke shekara ashirin kina shaƙa."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Idan na fitar da shi fili, ƙurar ina za ta? Tagar maƙwabciyarmu Nafisat na nan, da goyonta. Ga tagarki. Tun kina rarrafe, kin taɓa ganin na bar ki kin leƙa ɗakin nan ranar niƙa?"

Munira ta tuna dukan da ta sha tana ƙarama a kan ƙofar nan, ita a lokacin duk ta ɗauka tsabar faɗa ne. Tausayi da kunya suka rufe ta.

Hajiya ta mayar mata da takardar, ta yi tari har sai da ta dafa bango.

"Ki rubuta abin da kika gani," ta ce. "Gobe ina da niƙa. Ki rufe tagarki."